Ƙarin Haske a Gaba, Wuta a Ƙarƙashin Bonet

Da la'asar, a layin masu kayan wutar mota na kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ba ka daɗewa a tsaye sai ka ga an yi aikin a gabanka. Direba ya faka motarsa ta haya, ya yi cinikin doguwar fitilar nan mai ƙwayaye jere kamar zangarniyar masara. Yaron shago ya ɗaure ta a bamba da noti biyu. Ya warware jar waya, ya feɗe bakinta da haƙori, ya sassauta kan batir ya cusa zaren, ya mayar ya ɗaure. Ya ja wayar ta gefen inji, ya matse ta a tsakanin ƙofa da bodi, ya kai ta wani ɗan makunni kusa da sitiyari. Duk inda aka yi haɗi ya naɗe da baƙin salatif.

Aka danna makunni. Rana ba ta faɗi ba, amma sai da na tsaye suka kau da kai.

"Oga, ka gani? Yau ko allura ce ta faɗi a titi sai ka tsince ta."

Direba ya biya, ya koma tasha yin lodi. Aikin bai ci minti 20 ba. An yi cinikin fitila, an yi cinikin kuɗin hannu, har an yi gardama a kan tsawon waya. Abu ɗaya ne babu wanda ya ambata, wato fiyus.

Irin wannan aikin ake yi kullum a Panteka ta Kaduna, da unguwar makanikai ta Apo a Abuja, da garejin bakin tasha a Maraɗi da Damagaram. Yawancin motocin suna shekara ba abin da ya same su. Wasu kuwa su ne ake wayar gari a gan su a gefen hanya sun zama ƙwarangwal, a ce ai wutar mota ce ta haɗe, a yi wa mai ita jaje, a wuce.

Dare ya yi tsawo, fitila ta gaza

Kafin a zargi direba, a duba hanyar da yake bi. Wanda ya taɓa tasowa daga Abuja zuwa Kano bayan isha'i, ko daga Jos zuwa Bauchi, ya san abin da ke jiransa: ramin da ba a gani sai an faɗa, tirelar da ta mutu a tsakiyar titi ba alama sai 'yan ganyen da aka zuba a baya, garken shanu, babur maras fitilar baya. Ga kuma fargabar 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, wadda ta sa kowa ke son ya hango shinge tun daga nesa, ya san ko na jami'ai ne ko na wasu.

Motocin kansu tsofaffi ne. Mafi yawansu 'yan Beljiyam ne da suka yi rayuwarsu ta farko a Turai ko Amurka, suka shigo ta Kwatano ko Legas. Murfin fitilarsu na roba ne, rana ta dafa shi ya yi rawaya, madubin ciki ya dushe, wayoyi sun tsufa ba sa kai cikakkiyar wuta. Hasken da ya isa a titin Jamus mai layi da alamomi bai isa a hanyar Birnin Gwari ba.

A da, wanda ke son ƙarin haske sai ya sa ƙwai mai wat 100 a gurbin na kamfani mai wat 55 ko 60, ko ya ɗaura zagayayyun fitilun nan na halojin. Abin da ya sauya kasuwa shi ne LED. Tun da masanan Japan uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka samar da shuɗin LED mai haske, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014, farin haske mai ƙarfi ya zama abin da ake samu da wuta kaɗan. Masana'antun China suka ɗauka, farashi ya faɗi, yanzu ɗan acaɓa ma yana iya saya.

Daga nan sai abin ya wuce buƙata ya koma ado. Fitila a rufi, fitila a ƙarƙashin mota, mai walƙiya, mai sauya launi. Akwai Adaidaita Sahu da in ka hango ta da dare sai ka ɗauka ɗakin amarya ne ke tafiya.

Batir ba ya jan mutum, amma yana narka ƙarfe

Tushen sakacin shi ne raini. Mun girma muna tsoron wutar NEPA saboda tana ja, tana kisa. Batir ɗin mota kuwa bolt 12 ne, ka kama kawunansa biyu da hannu ba za ka ji komai ba. Sai mutane suka ɗauka ba shi da haɗari.

Ƙarfin batir ba a nan yake ba. An gina shi ne don ya juya inji mai sanyi, aikin da ke cin ɗaruruwan amfiya cikin daƙiƙu. Wannan wutar tana nan kwance a cikinsa dare da rana, abin da ke hana ta fita kawai rashin hanya ne. Ita kuwa mota, duk ƙarfen jikinta a haɗe yake da kan batir mai alamar (-). Inji, bodi, bamba, noti, duka hanyar komawar wuta ce. Saboda haka duk wayar da ta taso daga kai mai alamar (+), da zarar fatarta ta goge ta taɓa kowane ƙarfe, hanya ta samu. Wutar da ta isa ta tada inji za ta bi ta cikin waya mai kaurin tsinken tsintsiya. Cikin ƙiftawa zaren ya yi ja, robar ta narke ta kama wuta tun daga batir har inda ta taɓa, ta kuma lasa duk abin da ke maƙwabtaka da ita: sauran wayoyi, tiyon mai, ɗigon baƙin mai a jikin inji, kafet.

Abin da ya fi muni, zare makulli ba ya kashe irin wannan wayar, tunda ba ta bi ta makulli ba. Mota na iya kamawa tana ajiye a gareji tsakar dare, mai ita yana barci a ɗakin da ke jikin bangon.

Fiyus ba fitila yake gadi ba

A nan ne kusan kowa ke yin kuskure, har da wasu da suka shekara a sana'ar. An ɗauka aikin fiyus shi ne ya hana fitila ƙonewa, don haka ko an sa shi, sai a kai shi kusa da fitilar, ko a bayan makunni a cikin mota inda hannu ke kaiwa.

Fiyus waya yake gadi. Ɗan siririn ƙarfe ne da aka auna, aka yi shi da gangan ya zama mafi rauni a duk layin, don in wuta ta wuce kima shi ya narke kafin waya ta yi zafi. Amma abin da ke bayansa kaɗai yake iya karewa. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus a buɗe take, babu mai tsaron ta. Wanda ya ja waya mita 2 daga batir, ta ratsa gefen inji, ta huda bango ta shiga cikin mota, sannan ya sa fiyus, ya yi kamar mai gidan da ya ajiye maigadi a ƙofar kicin ya bar ƙofar zaure a wangale. Daidai wuraren da waya ta fi gogewa su ne ya bari ba kariya.

Shi ya sa wurin fiyus ɗaya ne: a jikin batir, iya kusancin da zai yiwu. Ƙa'idar masu wayarin jiragen ruwa a Amurka ta ce kada ya wuce inci 7, kimanin santimita 18, wato bai kai ɗani ɗaya na hannun babban mutum ba. Masu haɗa kayan sauti na mota sukan sassauta zuwa kusan santimita 45. Kowanne ka ɗauka, maganar ɗaya ce, kuma guntun da ya rage tsakanin batir da fiyus a sa masa riga a ɗaure shi inda ba zai taɓa komai ba.

Fiyus ɗin da aka fi gani yau shi ne mai ƙafa biyu na roba mai launi, wanda kamfanin Littelfuse na Amurka ya fito da shi a 1976. Launin ba ado ba ne, lamba ce. Ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari mai garai-garai 25, kore 30. Wanda bai yi boko ba ma yana iya karanta shi. Akwai ɗan gidansa mai murfi da ake sayarwa da guntuwar waya a kowane gefe, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci a tasha ba. Mai murfin ake so, don ruwan damina da na masu wankin inji.

Sai kuma al'adar da ta fi rashin fiyus ɗin haɗari, domin ita tana ba da kwanciyar hankalin ƙarya. Fiyus ya ƙone, an sa wani ya ƙone, sai a naɗa masa zaren waya ko takardar azurfar kwalin sigari, ko a cire mai 15 a sa mai 30. Fiyus da ke ƙonewa ba lalacewa ya yi ba, aikinsa ya yi, yana gaya maka akwai inda waya ta taɓa ƙarfe ko kaya sun fi ƙarfin layi. Wanda ya ɗaure masa baki bai gyara komai ba, ya dai mayar da wayar motar gaba ɗaya ta zama ita ce fiyus ɗin.

Lissafin da bai wuce minti ɗaya ba

Girman fiyus ba a zaɓar sa da ido. A duba wat ɗin da ke jikin kwali, a raba da 12, abin da ya fita shi ne amfiyar da fitila ke ci. Doguwar LED mai wat 120 tana cin kimanin amfiya 10. A ƙara kashi ɗaya cikin huɗu don kada fiyus ya zauna kullum a bakin iyakarsa, ya zama 12 da rabi, sai a ɗauki na gaba da shi, shuɗi mai 15. Fitilun halojin biyu masu wat 55 kowanne, jimilla 110, su ma shuɗin ya ishe su. In masu wat 100 ne guda biyu, ana maganar kusan amfiya 17, fiyus mai 25 ke nan.

Wat ɗin da ake rubutawa a kwalin LED mai araha sau da yawa kuri ne, ainihin cinta bai kai haka ba. Mai gyaran da ke da mita zai iya aunawa ya tabbatar. In babu mita, a bi na kwali, amma da sharaɗin wayar ma a bi lissafin kwalin.

Domin ƙa'idar da ba a karyawa ita ce dole waya ta fi fiyus ƙarfi. A ƙiyasin da ke barin sarari, wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ta dace da abin da bai wuce amfiya 15 ba, mai 2.5 kimanin 20, mai 4 kimanin 30. In tafiyar doguwa ce, kamar fitilar bayan bas ko ta rufi, a ƙara kauri, don wuta na raguwa a hanya kuma abin da ya ragu zafi yake komawa. Zafin kuwa ba a hankali yake hawa ba. In amfiya ta ninka biyu a waya ɗaya, zafin ninki huɗu yake yi.

Kasuwa ta ƙara wa lamarin wuya. Akwai wayar da ka gani ja kamar tagulla, amma alminiyon ce aka shafa wa tagulla a baya. Ba ta ɗaukar fiye da kusan kashi 60 cikin 100 na abin da ta gaske ke ɗauka, tana da saurin karyewa, tana cin tsatsa a wurin haɗi. A kankare zaren da wuƙa, in cikin fari ne, ita ce. Akwai kuma mai fata kauri zare ƙanƙane. Wayar sifika da wayar gida mai sanda ɗaya duk ba na mota ba ne: ta farko ba ta jure zafin inji, ta biyu girgiza ke karya ta.

Ɗan baƙin akwatin nan

Ko an sa fiyus, saura tambaya: ta ina babbar wutar za ta bi? A aikin gaggawa tana shiga cikin mota ta ratsa makunni ta dawo. Ƙananan makunnan kasuwa ba a yi su don amfiya 15 ko 20 na sa'o'i ba. Suna ɗumi, robar ta yi laushi, wata rana wari ya tashi a ƙarƙashin dashbod, a gaban gwiwar direba. Wasu kuma sai su ɗora sabuwar fitila a kan wayar fitilar kamfani, wadda aka auna daidai kayanta. Haka ne ma ke faruwa da mai sa ƙwan wat 100 a gidan na 55: soket ya narke, makunnin sitiyari ya ƙone, gyaran ya fi kuɗin ƙwan sau da yawa.

Maganin shi ne rile, ɗan baƙin akwatin nan mai ƙafa huɗu ko biyar da ke yin ƙas idan an kunna. Makunni ne da wuta ke dannawa maimakon yatsa. A ƙasansa akwai lambobi da Jamusawa suka tsara, duniya ta bi. Ƙafa mai lamba 30 ita ke karɓar babbar waya daga batir, bayan fiyus. Mai 87 ita ke fita zuwa fitila. 85 da 86 na ɗan nadin ciki ne, ɗaya ta tafi bodi, ɗaya ta zo daga makunnin direba. Nadin nan abin da yake ci bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na amfiya ɗaya ba. Da haka babbar wuta ta tsaya a ƙarƙashin bonet a gajeriyar hanya, abin da ke shiga wurin fasinja ɗan kaɗan ne. Haske ma ya fi, tunda wuta ba ta yi yawo ba.

Inda aka ɗauko wutar makunnin shi ma abin dubawa ne. In daga layin da ke mutuwa da makulli ne, ba za a manta fitila a kunne ta shanye batir ba. In daga wayar fitilar kamfani mai hasken nesa ne, ya fi kyau, domin da zarar direba ya yi dim, ta ƙarin ma ta mutu da kanta. Ita ma wannan siririyar wayar tana son nata ɗan fiyus, mai amfiya 3 ko 5, in ba daga layin da ke da ƙaramin fiyus aka ɗauko ta ba.

A sababbin motoci masu kwamfuta, a yi hattara da huda waya don neman wuta. Wasu wayoyin saƙo suke ɗauka, ba wuta ba, kuma masu rigar rawaya galibi na jakar iska ne. Ba a taɓa su.

Hanyar da waya ta bi

Kayan kirki ma suna ƙona mota in an shimfiɗa su da ganganci. Mota girgiza take yi tun daga fita har dawowa, a hanyoyinmu kuwa girgizar ninki ce. Wayar da ta kwanta a kan kaifin ƙarfe tana goguwa kaɗan-kaɗan, wata uku, wata shida, sai ranar da fata ta ƙare. Duk inda za ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da fasinja, ta bi ta cikin robar da kamfani ya sa, ko a sa mata sabuwa. Matse ta a bakin ƙofa ko a maratayin bonet daidai yake da ba ta almakashi. A sa mata rigar roba mai gaɓa-gaɓa, a ɗaure ta kowane ɗani ɗaya ko biyu, a nesanta ta da bakin salansa, da fanka, da bel, da sandar sitiyari, da tiyon mai. Motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas tun bayan cire tallafin fetur a 2023 sun samu ƙarin bututun da ya kamata waya ta kauce wa.

Murɗa zare biyu a naɗe da salatif shi ne haɗin da ya fi yawa, shi ne kuma ya fi rauni. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin bonet tanda ne. Ƙaron salatif ya narke, ƙura ta shiga, bakin ya warware. Haɗin da ya yi sako-sako kuma shi kansa murhu ne, yana zafi ko da fiyus bai ga komai ba, domin amfiyar ba ta wuce kima ba. Wannan ita ce gobarar da fiyus ba ya iya tarewa. A sa kan waya na zobe a matse da filayar matsi, ko a yi dalma, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta.

Wayar komawa, baƙar, kaurinta ɗaya da jar. A ɗaure ta a noti mai kyau a bodi, a kankare fenti da tsatsa sai ƙarfe ya fito. Wasu sababbin motoci suna da na'urar auna caji a kan batir mai alamar (-), a irinsu bodi ake kai wa, ba kan batir ba.

Kafin a fara komai, a cire kan (-) tukuna, a kuma mayar da shi a ƙarshe. Dalili a fili yake: muddin yana haɗe, sifanar da ke kan (+) ta taɓa bodi, tartsatsi ne, kuma batir na fitar da iskar haidirojin mai kamawa. Maza masu zoben azurfa da agogon ƙarfe su cire. Zobe ya shiga tsakanin sifana da ƙarfe, cikin daƙiƙa yake yin ja a jikin yatsa.

Tirela da Adaidaita

Yawancin manyan motoci bolt 24 suke amfani da shi, batir biyu a jere. Lissafinsu a raba da 24 ne, kuma rilen ma mai 24 ake nema. Kuskuren da aka saba shi ne a sayi fitila mai bolt 12 a ja ta daga batir ɗaya. Tana kamawa, amma ɗayan batir ɗin yana ƙarewa ɗayan yana shan cajin da ya wuce kima, kafin a ankara duka biyun sun mutu, a ce batiran zamani ne ba su da ƙarko.

Babur da Adaidaita tasu matsalar ƙarancin caji ce. Abin da injinsu ke samarwa kaɗan ne, ado ya cinye, da safe a kama turi. A babur kuma batir da wayoyin duk a ƙarƙashin tanki da sirdi suke.

Kowa da hujjarsa

Masu gyaran wuta ba su yarda laifin nasu ne su kaɗai ba, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Kukan da suka saba yi shi ne mai mota zai biya kuɗin fitila ba gardama, amma da an ce a ƙaro rile da gidan fiyus da waya mai kauri sai ya ga kamar cuta ce, ya tsallaka wurin na gaba wanda zai yi a rabin kuɗi. Haske ana ganin sa nan take, fiyus kuwa ranar da ya yi aiki ma bacin rai yake jawowa. Sai dai akwai gaskiyar da ba su cika faɗa ba: sana'ar gado da kallo ake koyon ta, yaro yana yin yadda ya ga ogansa na yi, kuma wannan ƙaramin aikin galibi yaron ake bar wa. Ya san wace waya ke kawo wuta, ba a taɓa zaunar da shi an ce ga dalilin da ya sa take zafi ba.

Direbobi kuma sukan ce motar wane ta shekara biyar a haka, in ta ƙone tsautsayi ne, shi kuwa ba ya wuce ranarsa. A ganina wannan sa wa ƙaddara kayan da ba nata ba ne. Mutumin da ba zai kwana bai kulle motarsa ba saboda ɓarawo, bai kamata ya kira wayar da ya bari tsirara ƙaddara ba.

Akwai ɓangare na uku da ba a tambaya, wato wanda ke tahowa daga gaba. Doguwar LED ba ta da iyakar haske irin ta fitilar kamfani, ko'ina take watsawa, don jeji aka yi ta. Haka ƙwan LED da aka cusa a gidan halojin, yakan tarwatsa hasken sama maimakon titi. Wanda aka haske yana yin daƙiƙu bai ga komai ba, a gudun kilomita 100 kuwa mota na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Shi ma gobe sai ya je ya ɗaura tasa don ya rama. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan ƙarin fitilu masu kashe ido, kuma masu walƙiyar ja da shuɗi na motocin jami'ai da na agaji ne. Amma jami'in da ke bakin hanya abin da ke waje yake gani. Ba a cika cewa a buɗe bonet a ga inda wayar ta fito ba.

In wari ya tashi

Ƙonewar waya tana da warinta, na roba mai ɗaci, ba ya kama da na birki ko kuloci. Wanda ya ji shi ya sauka gefe, ya kashe inji, ya fitar da mutane tukuna. In hayaƙi na fita daga bonet, kada a wangale shi, iska ce wutar ke jira. A ɗan ɗaga, a fesa garin tukunyar kashe gobara ta tsagar, wadda dama doka ta ce a riƙe a mota, in ba ta daɗe da mutuwa a but ba. In wutar ba ta kama ba kuma hannu na kaiwa, a cire kan (-), don muddin batir na haɗe wayar za ta ci gaba da yin ja ko an kashe harshen. In ta kama sosai, a ja da baya, a bar ta.

Wanda ya riga ya sa fitila kuma ba sai ya jira wari ba. Ya buɗe bonet da safe inji na sanyi, ya nemi wayar da ba ta kamfani ba a kan (+), ya bi ta da yatsa yana ƙirga ɗani. In ya yi biyu bai ci karo da gidan fiyus ba, aikin yau ya samu. In ya same shi, ya buɗe ya ga launi, ya tabbatar ba zare aka naɗa ba. Daga nan ya tada mota, ya kunna fitilar minti 10, ya shafa wayar da makunnin da kowane haɗi da bayan hannu, nesa da fanka da bel. Inda ya ji ya fi sauran ɗumi, nan ne zai nuna wa mai gyara.